Yadda Muka Kai Arzika Ƙwallo Ƙasar Dahomi

Tun da muka dawo daga Dahomi ban sami sakewa ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna a inuwar makaranta a kewaye ni. "Malam Sani, yaya ƙasar Faransan take? Wai gaskiya ne burodinsu ya kai tsawon sanda? Wai me ya sami Arzika?" Biyun farko ina amsa su da dariya. Ta ukun ce nake ta kewaye wa, har na gaji da kewaye-kewayen. Shi ya sa na ce bari in rubuta tafiyar tun daga tushe, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ƙungiyar ƙwallonmu ta Bagudo ba wata ta a zo a gani ba ce. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan En'e biyu, da 'yan kasuwa masu ƙwazo. Ni gwiwa ta hana ni bugawa, sai aka ba ni shugabanci, wato tsayawa a bakin fili ina ihu. Duk taƙamarmu Umaru ce, malamin asibitinmu, siririn mutum wanda in ya ɗauki ƙwallo sai dai a bi shi da kallo. Bara da muka haɗu da 'yan Madikali ta ƙasar Dahomi a Lolo, da suka ga ba su iya kama shi sai wani ya taka masa idon sawu da gangan. Wata biyu yana dogara sanda, duk Bagudo ba mai yin allura. Wasan ma bai ƙare ba, da jifa aka tashi.

To bana sai ga takardarsu, wai mu je can a yi wasan zumunci, tunda su sun sami mulkin kai mu ma mun samu. Na karanta, na juya ta, na ce zumunci ai da kyau, amma ba zan sake kai ƙafar Umaru mahauta ba. Daga faɗin haka sai mahautan suka faɗo mini a rai, na tashi na nufi rumfar Arzika.

Wanda bai san Arzika ba bai taɓa sayen nama a Bagudo ba. Mahauci ne, ɗan dambe, shekararsa ashirin yana naɗa hannu a kaka. Ƙwallo kuwa bai san ta ba, in ya kai mata shuri ita ta yi gabas shi ya yi yamma. Na ce masa ba bugu muke so ba, ya dai sa rigarmu ya tsaya kusa da Umaru, kowa ya gan shi. In an taɓa Umaru taɓin mugunta zan cire hulata, shi kuma ya san sauran. Ya goge wuƙarsa, ya ce, "Na amsa, Mallam."

Ranar tafiya muka hau motar wani ɗan kasuwa, a kan buhunan albasa. Ba mu yi nisa ba ta kafe a rairayi, direba ya leƙo ya ce ai ga majiya ƙarfi Allah ya ba shi. Sau uku muna tura motar nan kafin mu kai bakin Kwara. Golanmu ya ce in haka ake zuwa wasa, gara a aika wa mutanen can su rubuta sun ci, mu koma gida.

A cikin jirgin fito ni da Arzika muka zauna can baya. Mai jirgin, wani dattijo Basarke, wato cikin Sarkawa masu aikin ruwa, ya fasa goro ya miƙa masa ta hagu. Hannun ya daɗe a miƙe Arzika bai karɓa ba, har tsohon ya fara ɓata rai. Na taɓa shi, ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya karɓa yana ba da haƙuri. Da muka kai tsakiyar ruwa, sauran suna can suna yi wa Umaru dariya don ya rufe ido ya riƙe gefen jirgi, sai Arzika ya matso.

"Mallam, in hwaɗa maka wata magana, ta tsaya nan cikin gulbi. Idon ga na hagu ya mutu tun damben shekaran bara. Hayaƙi ɗai nika gani da shi."

Na ce, "Subhanallahi! To don mi ba ka hwaɗa mani tun gida ba?"

"Na riga na amsa maka. Kuma in anka ji, an daina tsorona ke nan, to mi ar ranata gare ku? Roƙona guda. Kak ka cire hullar ga sai ta zama dole. Guda yar rage mani. Da shi nika yanka, da shi nika ganin ɗiyana."

Na ce masa wallahi ba zan cire ba sai na ga ƙashi a waje. Da zuciya ɗaya na yi rantsuwar nan, ina so a san wannan.

Mun kwana Illo a zauren wani abokin mahaifina, da safe muka bi motar 'yan kasuwa zuwa Lolo, don ranar kasuwarta ce. A nan na fara jin Hausa da Dandanci suna cuɗanya a baki ɗaya, mace ta yi maka ciniki da wannan ta zage ka da wancan. Muka ci soyayyen kifi da garin rogo har muka yi nauyi. Duk inda muka gitta ana nuna Arzika, masu kalangu suka biyo shi da kirari. Shi ko kansa a sunkuye, yana tafiya yana ajiye mu duka a damansa.

Daga Lolo da ƙafa muka ƙarasa iyaka, muka isa rana tsaka. A nan muka ga abin mamaki na farko. Ofishin a rufe, sabuwar tuta tana kaɗawa, jandarma, wato ɗan sandansu, yana kwance a kujera ya rufe fuska da hularsa. Wani mai sayar da rake ya ce mana nan ƙasar in rana ta take kowane ofis barci yake yi, sai wajen la'asar. Muka zauna gindin wata tsamiya muna jira. Muna zaune mata suna ta wucewa ta bayan ofishin da ƙoransu a ka, ba mai ce musu kanzil. Na tambayi wata tsohuwa ko ita ba ta jiran takarda. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku da kunka yi boko ku ka jira. Ni ɗakina na nan, gonata na can."

Da ɗan duwan ya tashi, wato mai binciken kaya, ba abin da ya tsone masa ido sai ƙwallonmu. Ya girgiza ta, ya kara a kunne, ya ce sai an sace iskar ya ga abin da ke ciki. Muka yi magiya ya ƙi. Aka kwance igiya, aka sace, bai sami komai ba sai wari. Nan ne muka tuna mun bar famfo a Bagudo. Ƙarshe jandarman da muka tsine wa a zuci shi ya ara mana famfon kekensa, har ya taya mu bugawa. Muna shiga ƙasar kuma Umaru ya yi karo da mai keke, don su ta dama suke bi mu ta hagu, kowa ya kauce wa ɗan'uwansa zuwa wuri guda.

Mutanen Madikali sun karɓe mu, ba zan ci amanarsu ba. Ko'ina "fofo, fofo," wato sannu. Sai dai suna da wata al'ada ta saukar baƙin wasa da ban taɓa gani ba. Ba sa tara ku a zaure ɗaya kamar yadda muke yi, kowa gidan takwaransa ake kai shi. Golanmu gidan golansu, Umaru gidan gwaninsu. Ni aka haɗa ni da Malam Isufu, malamin makarantarsu, wanda shi ne shugabansu kuma yana buga musu baya. Da aka zo kan Arzika ba wanda ya yi tambaya. Wani ƙato baƙi, masunci, mai suna Gado, ya fito daga cikin taro ya ɗauki jakarsa. Ashe su ma sun yi irin tunanina.

Malam Isufu mutum ne mai kwat, da ƙyallen nan da suke shaƙe wuya da shi, a cikin wannan zafi. Ya zaunar da ni a tebur, ya ba ni cokali mai yatsu. Burodin gaskiya ne, ya kai kamu biyu, ɓawonsa kuma sai da ya fasa mini dasashi. Aka kawo kwaɗon zogale da suke kira kopto, wannan kam na ci na ƙara. Amma kowace loma da baƙar magana take tafiya. Ya ce ya ji makarantunmu har yanzu a ƙasa yara suke zama. Ya ce, "Mu nan da kai muke ƙwallo. Ku kuwa na ga kun zo da mai wuƙa." Na so in tambaye shi ko Gado lissafi yake koyarwa, sai na tuna a gidansa nake, na haɗiye. Ni kuwa duk wanda ya san ni ya san abin da na haɗiye ba ya narkewa.

Kafin magariba na leƙa gidan Gado. Na same su a tabarma ɗaya, akushi ɗaya, suna nuna wa juna tabo kamar tsofaffin sojoji. Gado ya ce shi kokawa ya gada, damben a wurin mahautan Gaya ya koya. Na lura Arzika juya tuwon kawai yake yi. Na ce ko bai yi masa daɗi ba ne. Ya yi murmushi ya ce, "Haka nike, Mallam. Shekara ashirin ban taɓa shiga hili ba sai na zaga bayan gari na amayar da abin da ac cikina." Gado ya ce shi kuma barci ne yake gudunsa. Suka yi dariya tare. Ni kuwa dā zato nake irinsu ba su san tsoro ba.

Da safe aka gabatar da ni ga alƙalin wasa, wani Bature mai koyarwa a wata makaranta can cikin ƙasar, an ɗauko shi don ba ya cikin kowa. Ya ce shi ba Bafaranshe ba ne, daga Kanada yake, kuma yana jin Ingilishi, sai muka sami abin hira. Ya hango Arzika da Gado suna tahowa, ya yi dariya ya ce ya san aikin waɗannan biyun. Na yi kamar ban gane ba. Sai ya sa yatsa a baki ya ciro haƙoransa huɗu na gaba, ya nuna mini a tafin hannu.

Ya ce a ƙasarsu sanyi yana daskarar da ruwa har a yi tafiya a kai, a kan ƙanƙarar nan suke wani wasa da sanduna, suna zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Ya ce manyan ƙungiyoyi, na masu cin abinci da wasan, sukan ajiye mutum guda wanda ba don gwaninta aka ɗauke shi ba. In aka cuci gwaninsu, shi zai yar da sanda ya nemi faɗa. Alƙali ba ya shiga sai ɗaya ya faɗi ko sun gaji, sa'an nan a zaunar da su na 'yan mintoci, wasa ya ci gaba. Na ce to me ya sa hukuma ta bari? Ya ce wasu na cewa in babu su, da sanda za a kakkarya ƙanana, wasu kuma na cewa 'yan kallo ne kawai ke son ganin jini. Na ce shi fa, me ya ce? Ya mayar da haƙoransa, ya ce ya yi aikin a wata ƙaramar ƙungiya yana saurayi, har yau da ciwon kai yake tashi, kuma har yau bai san amsar ba.

Bayan la'asar aka shiga fili. Garin duk ya fito, har da masunta da filafilansu a kafaɗa. Abin da zan faɗa yanzu masu cewa kawo Arzika wauta ce su saurara. Rabin farko ban taɓa ganin wasa mai tsabta irinsa ba. Duk wanda ya nufo Umaru da mugun nufi, in ya ga inuwar Arzika sai ya tuna da iyalinsa. Namu ma in sun ga Gado haka. Su biyun ko sau ɗaya ba su taɓa ƙwallo ba, suna dai tsaye kamar turakun rumfa. Aka tafi hutu sun ci mu ɗaya.

Abin da ya dame ni Malam Isufu ne. Duk sanda ya gitta ta gabana sai ya yar mini da magana. "Malam, a ba ka kujera?" "Malam, mai wuƙarka ya yi barci." Mutanensa su kwashe da dariya. Da aka dawo ba a daɗe ba Umaru ya yanke mutum biyu ya nufi raga, Isufu ya sa masa kafaɗa, ya faɗi ya mirgina. Bature ya busa usur. Isufu ya juyo ya dube ni, ya gyara gashin kansa, ya yi mini murmushi.

Ga gaskiyar da nake kewaye wa. Umaru ya tashi. Na gan shi da idona ya miƙe yana kakkaɓe wando, har yana dariya. Ba ƙashi a waje, ko ƙujewa babu. Bayan na ga haka ne na cire hulata na buga ta da ƙasa.

Arzika ya juyo da kansa gaba ɗaya ya dube ni. Ya daɗe yana dubana. Sa'an nan ya taka, ni ina jiran in ga ya shaƙe Isufu. Sai ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya ratsa fili har can ɗaya gefen inda Gado yake tsaye bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya yi masa magana a hankali, Gado ya gyaɗa kai. Bature ya sa usur a aljihu, ya buɗe hannuwa ya tare sauran 'yan wasa. Taron da ya fara matsowa ya tsaya cik.

Faɗan bai daɗe ba. Na lura Gado yana ta kewayawa ta daman Arzika, kuma duk naushinsa a ƙirji da kafaɗa yake sauka. Arzika ya sakar masa guda biyu masu kyau, leɓensa ya fashe. Sai ƙafar Arzika ta zame a rairayi, ya yi ƙasa daidai lokacin da hannun Gado ya taso. Ƙarar har inda nake na ji ta. Bai faɗi ba, ya dai tsaya ya dafe idonsa na dama, ɗaya hannun yana lalube a iska. Gado ne ya kama hannun. Bature ya kore su duka biyu, Gado ya ja shi suka fita.

Aka ci gaba da wasa. Ba wanda ya sake ko shafar Umaru, ya jefa biyu a raga, muka ci. Na yi tsalle, na yi ihu har muryata ta dushe. Allah ya yafe mini, sai da aka tashi na tuna akwai wanda ya kamata in je in gani.

Na sami Arzika a kwance a zauren Gado, idon ya kumbura ya rufe ruf. Gado ya tare ni a ƙofa, bai amsa sallamata ba. Na ce don me Arzika ya zo wurinsa, shi da bai yi laifin komai ba? Ya ce, "Kai malami ne amma ba ka da wayo. Da ya taɓa malaminmu, gawa za a ɗauka, ku kuma ba ku kai iyaka da ƙafafunku. Mai dambe mai dambe yake bugu." Ya tofar da jini ya ce, "Tun jiya na gane idon. Na aje masa miya ta hagu, hannunsa ya wuce ta. Shi ya sa na tsaya inda zai gan ni. Ni jiya na sani. Kai tun yaushe ka sani?"

Umaru ya zo ya wanke idon ya ɗaure. Arzika da ya ji muryarsa abin da ya fara tambaya shi ne, "Ƙahwar taka fa?" Umaru ya ce lafiya lau. Ya ce, "To madalla."

Dawowarmu ba ta da labari. Ni na riƙe hannun Arzika daga Madikali har Lolo, ina gaya masa ga rami, ga saiwa. Gado ya rako mu har iyaka ɗauke da jakarsa da ƙunshin busasshen kifi. Ko ɗan duwan da ya gan mu bai ce a buɗe komai ba. A mota sauran suna waƙar nasara, in sun tuna su sassauta, in sun manta su ɗaga.

Sai da aka kwana goma sha ɗaya kumburin ya saɓe. Idon ya buɗe, amma ba yadda yake ba. Da rana yana ganin mutum kamar a bayan labule, in rana ta yi sanyi sai an riƙe masa hannu. Yanka ya koma hannun ƙanensa, shi yana zaune a rumfa yana kasa nama da lalube. Umaru ya rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, sun je sun dawo, an ce sai haƙuri.

Na yi mako uku ina aika a sayo mini nama don kada in bi ta rumfar. Ran kasuwar da ta wuce na daure na je. Tun kafin in gama sallama ya ce, "Mallam Sani, ka ɓuya." Na tsuguna kusa da shi, na ce ina da maganar da ta hana ni sukuni. Na gaya masa ba dole ce ta sa na cire hular ba. Umaru ya riga ya tashi, na gan shi. Zuciya ce kawai, wani ya yi mini dariya na ari hannunsa in rama.

Bai daina kasa namansa ba. Ya ce, "Na sani, Mallam. Ni ma na gane shi yat tashi. Yana kakkaɓe wando, yana dariya. Shi ne abu na ƙarshe da nig gani tas."

Na ce, "To don Allah don mi kat tahi?"

"Kowa cikin hilin ga ya ga hullarka ƙasa. In na tsaya, sun gane ba kowa bayan Umaru, kahin a tashi sun karya shi da gaske." Ya lalubo ganye ya naɗe tsoka guda, ya miƙo ta wajen da yake jin numfashina, ya ɗan kauce kaɗan. "Amshi, ka kai ma iyali. Ni dai abin da nir roƙe ka cikin jirgi guda ne."

Na matsar da hannuna inda nasa yake, na karɓa.